Kuskuren databes ya faɗo a idon iyayen yara, ya ake tarbarsa?

Abba:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah manyanmu na wannan gida a taimaka min da shawara, tun jiya raina a ɓace yake. Akwai manhajar rajistar ɗalibai da na yi wa wata makaranta da PHP da MySQL, wata uku tana aiki lafiya lau, sai jiya wani uba ya zo cike fom ɗin ɗansa a wayarsa, yana danna maɓallin aikawa sai ga dogon rubutun Turanci ya cika masa fuska: SQLSTATE[23000] Integrity constraint violation 1062 Duplicate entry, ga lambar wayarsa a ciki, ga sunan tebur, har da hanyar fayil ɗina a kan sabar da lambar layin da abin ya tsaya. Bawan Allah ya ɗauka an yi masa kutse ne, ya ɗauki hoton allon ya tura wa shugaban makaranta, shi kuma ya turo min da ƙarfe goma na dare. Na san abin da ya faru, lambar wayar tana cikin tebur tun da farko. Abin da nake so shi ne in daina barin irin wannan saƙo yana fita, in riƙa nuna nawa saƙon da mutum zai gane. Ta ina ake farawa?

Ɗanlami:
Wa alaikumus salam. Abu mai sauƙi ne ai, ka canza INSERT ɗinka zuwa INSERT IGNORE, shi kenan ba za ka sake ganin 1062 ba. Ko kuma ka zagaye komai da try da catch ka rubuta "an samu matsala, sake gwadawa". Ni haka nake yi kuma ban taɓa samun ƙorafi ba

Malam Sani:
Ɗanlami a'a, don Allah kar ka koya wa yaron nan wannan. Rashin ƙorafi ba ya nufin lafiya ake, wataƙila dai mutane sun gaji ne sun bari. INSERT IGNORE ba 1062 kaɗai yake haɗiyewa ba, yana mayar da kurakurai da yawa su koma gargaɗi kawai, misali idan rubutu ya fi ƙarfin gurbin da ka ware sai ya datse shi ya ajiye rabi kai ba ka sani ba. Kuma uban nan zai ga kaman rajista ta shiga alhali ba abin da ya shiga, ranar da aka dawo hutu ya kawo yaro a ce babu sunansa. Wanne ya fi muni, wannan ko dogon Turancin?

Abba, abu na farko tun kafin ka taɓa kod: je ka kashe display_errors, saitin PHP mai nuna kuskure a allo, a kan sabar da jama'a ke amfani da ita, ka kunna log_errors mai rubuta shi a fayil ɗin log. Yanzun nan, kar ka jira mu gama muhawara. A kwamfutarka ta gwaji ka bar shi a kunne, can ne wurinsa.

Abba:
Na kashe yanzu Malam, na gode. Amma abin da ya ɗaure min kai, da can wannan kod ɗin ba ya fitar da komai, sai bayan da masu hostin suka ɗaga PHP ɗin

Malam Sani:
Yawwa, ka gano bakin zaren da kanka. Kafin PHP 8.0 idan ba ka faɗa wa PDO, wato hanyar da PHP ke magana da databes, komai ba, shiru yake yi in an samu kuskure, sai dai execute ya dawo maka da false, in ba ka duba ba shi kenan abin ya wuce. Daga 8.0 aka mayar da shi yana jefo PDOException kai tsaye, mysqli ma ya bi sahu a 8.1. To ka ga kuskuren nan ya daɗe yana faruwa a manhajarka, kawai dai ba ka ji ne. Allah kaɗai ya san iyaye nawa suka cike fom a wata ukun nan bai shiga ba.

Abba:
Innalillahi. Wallahi ban yi wannan tunanin ba

Hadiza:
Bari in ƙara a kan maganar Malam. Kuskuren da na fi gani wurin masu koyo shi ne su kama PDOException su duba getCode() su ga 23000 sai su ce "wannan lambar tana da rajista". Amma 23000 a MySQL babbar rumfa ce, abubuwa da yawa ne a ƙarƙashinta. 1062 maimaici ne, 1048 ka bar gurbin da ba a yarda a bari fanko ba, 1452 kana son saka ɗalibi a ajin da babu shi a teburin azuzuwa, 1451 kana son goge aji alhali akwai ɗalibai a cikinsa. Duk huɗun nan 23000 za su nuna maka. Lambar da kake buƙata tana cikin errorInfo[1], ita za ka duba. In ba haka ba wata rana mutum zai manta bai zaɓi aji ba kai kuma ka ce masa lambar wayarsa ce matsala, ya yi ta canza lamba har ya gaji.

Ɗanlami:
Toh ni dai ban ga dalilin duk wannan wahalar ba. Me zai hana ya yi SELECT tukuna ya duba ko lambar tana nan, in tana nan ya faɗa wa mutum, in babu ya saka? Ka ga kuskuren ma ba zai taso ba balle a tarbe shi

Hadiza:
Yana da kyau a yi hakan saboda mai cike fom ya samu amsa da wuri, ban ce a bari ba. Amma ba ya wadatarwa. Tsakanin SELECT ɗinka da INSERT ɗinka akwai ɗan lokaci, ko da ƙiftawar ido ce. Ka tuna yadda netwok ɗinmu yake, mutum ya danna maɓalli ya ga abin yana ta juyawa sai ya sake dannawa, ya sake, buƙata biyu ko uku su iso sabar kusan tare, kowacce ta duba ta ga babu, kowacce ta yi ƙoƙarin sakawa. Databes ne kaɗai zai iya raba wannan gardama, ya karɓi ɗaya ya ƙi sauran da 1062. Don haka ko ka yi SELECT sai ka tanadi wurin tarbar kuskuren.

Ɗanlami:
Na yarda da wannan, ya taɓa faruwa da ni a fom ɗin biyan kuɗi, rasit biyu suka fita

Zainab:
Ku yi haƙuri in ɗan dawo da mu baya, akwai abin da ban ji kowa ya tambaya ba. Abba, lambar wayar wa ce ka sa wa UNIQUE, wato ƙa'idar hana maimaici, kuma a wane tebur?

Abba:
Ta uba ce ko mai kula da yaro, a teburin ɗalibai yaya Zainab

Zainab:
To ai nan gizo ke saƙar. Mutumin nan ba kuskure ya yi ba, ɗansa na biyu ya zo sakawa. A garuruwanmu uba ɗaya zai kawo yara biyar shida makaranta ɗaya, wani ma har da 'ya'yan ƙaninsa da ke hannunsa, duk da lambar waya guda. In ka gyara saƙon ya koma Hausa mai daɗi "wannan lambar tana da rajista" ka dai ƙawata abin ne amma har yanzu ka hana shi saka ɗansa, ƙarshe zai sa lambar matarsa ko ta maƙwabci, ranar da yaro ba shi da lafiya a kira a samu wani daban. Ka fitar da iyaye zuwa nasu teburin, can ne lambar waya za ta zama UNIQUE, kowane ɗalibi kuma ya riƙe lambar shaidar mai kula da shi. Sannan in 1062 ta taso a teburin iyaye, ma'anarta mun san wannan mutumin, sai a haɗa sabon yaron da shi kawai.

Shi ya sa ni ba na son a yi saurin rufe bakin databes, sau da yawa gaskiya yake faɗa maka game da tsarin da ka yi.

Malam Sani:
Allah ya yi miki albarka Zainab, ni kaina na tsallake wannan.

Abba:
Gaskiya ne wallahi, yanzu na duba, yayansa yana aji huɗu. Zan raba teburin. Amma duk da haka ina son in san yadda ake tsara tarbar kurakuran gaba ɗaya, don akwai lambar shiga makaranta da imel na malamai, su dole su zama ɗaya ɗaya. In 1062 ta zo ya zan san wanne ne daga ciki?

Malam Sani:
Ga yadda nake yi, kuma shekaru ina kai. Kar ka warwatsa try da catch a kowane fayil, gobe in za ka canza kalma ɗaya sai ka bi fayil talatin. Ka yi wuri guda, aji ɗaya na kod (class) ko fankshin ɗaya, wanda duk kuskuren databes zai bi ta cikinsa. Aikinsa ya karɓi abin da PDO ya jefo, ya duba lamba, ya mayar da shi kuskure irin na manhajarka mai suna da ma'ana, kaman LambarShigaTaMaimaitu ko BabuWannanAji. Sauran kod ɗinka ba ruwansa da 1062, sunan nan kawai ya sani. Can sama inda ake nuna wa mutum shafi, nan ne za a zaɓi kalmomin da za a faɗa masa, Hausa ko Turanci gwargwadon harshen da ya zaɓa.

Batun gane wanne ne kuma, ka riƙa raɗa wa kowane UNIQUE suna da kanka lokacin ƙirƙirar tebur, misali uq_dalibai_lambar_shiga, kar ka bar MySQL ya zaɓa maka. In 1062 ta zo sai ka nemi wannan sunan a cikin errorInfo[2]. Sai ka yi ɗan jeri a gefe, wannan suna ga saƙonsa ga gurbin fom ɗin da za a yi wa jan layi.

Duk lambar da ba ka sani ba kuma kar ka yi mata kame-kame. Ka rubuta ta cikakkiya a log, ka nuna wa mutum saƙo na gama-gari.

Nura:
Salamu alaikum, daga Maraɗi nake bin ku. Malam ina da ja a kan neman abu a cikin rubutun saƙo, don ya taɓa cizona. Na rubuta kod yana neman kalmar duplicate a saƙon PostgreSQL, wani databes ɗin daban da MySQL, a kwamfutata komai daidai, da muka ɗora a sabar wurin aikin ashe an girka ta da Faransanci, saƙonnin duk suka koma Faransanci sabida lc_messages, saitin da ke zaɓar harshen saƙo, kod ɗina bai ƙara gane komai ba, duk maimaici sai ya faɗa cikin "matsalar da ba a sani ba". Kwana biyu ina nema. Tun daga ranar lamba kawai nake bi, 23505 maimaici, 23503 alaƙar tebur da tebur, 23502 gurbi fanko, 23514 an saɓa CHECK. Kuma shi PostgreSQL yana ba ka sunan ƙa'idar da aka karya a gurbinsa daban, a psycopg2 yana cikin diag.constraint_name, a pg na Node kuma err.constraint, ba sai ka tsaga jimla ba.

Malam Sani:
Maganarka dutse Nura, kuma ba mu saɓa ba. Kalmar saƙo ba abin dogaro ba ce, shi ya sa na ce lamba tukuna. Matsalar ita ce MySQL ta hanyar PDO ba ya ba ka sunan a gurbi daban yadda PostgreSQL ke yi, dole sai cikin rubutun. Amma sunan da kai ka raɗa ba ya canzawa ko da an fassara saƙon zuwa wane harshe. Abin lura ɗaya, daga MySQL 8.0.19 sun fara haɗa sunan tebur a gaban sunan makullin UNIQUE ɗin, wato dalibai sai ɗigo sai sunan, shi kuwa MariaDB da ke zuwa cikin XAMPP sunan kawai yake bayarwa. In ka ce dole rubutun ya yi daidai ɗari bisa ɗari zai yi aiki a kwamfutarka ya ƙi a sabar. Ka duba ko sunan yana ciki kawai.

Mukhtar:
Ni ta ɓangaren tsaro zan yi magana don shi ne aikina. Abba hoton da uban nan ya ɗauka, ka san me ke ciki? Sunan teburinka, sunan makulli, irin databes ɗin da kake amfani da shi, da tsarin folda na sabar. Mai neman kutse abin da yake fara nema kenan. Akwai salon kutsen SQL injection, wato cusa wa databes umarni ta gurbin fom, da gaba ɗayansa a kan saƙon kuskure ya dogara, a tura maka abin da zai sa databes ya yi kuka, a cikin kukan ya faɗi bayanan da ke cikinsa, sqlmap ma yana gwada wannan da kansa. Masu Laravel ku duba APP_DEBUG, masu Django ku duba DEBUG, masu CodeIgniter 3 ku duba db_debug, na sha ganin shafukan da aka ɗora aka bar su a kunne.

Na biyu, har saƙon Hausa mai kyau yana iya tona asiri. In fom ɗinka a buɗe yake ga kowa kuma yana cewa "wannan lambar tana da rajista", to kowa zai iya zuwa ya gwada lambar wani ya gane ko 'ya'yansa a makarantar suke.

Hadiza:
Mukhtar a nan kam ba na tare da kai gaba ɗaya. In ka ɓoye komai mutane wahala suke sha. Ka yi tunanin mahaifiyar da da ƙyar ta iya cike fom, datarta na ƙarewa, ka ce mata "an samu matsala" ba ka faɗi wacce ba, me kake so ta yi? Za ta tafi shagon kafe ta biya kuɗi a sake cike mata, a sake samun abu ɗaya. Ai manufar saƙo ita ce mutum ya san matakin da zai ɗauka.

Mukhtar:
Ban ce a bar ta cikin duhu ba Hajiya. A fom na waje za ka iya cewa "mun tura saƙo zuwa wannan lambar, duba wayarki ki ci gaba", ko lambar sabuwa ce ko tsohuwa amsa ɗaya ce a allo, mai wayar ne kaɗai zai ga bambanci a cikin saƙon. Amma a shafin ma'aikatan ofis da suka riga suka shiga da kalmar sirri, faɗa musu komai ɓaro-ɓaro, har sunan ɗalibin da ke riƙe da lambar.

Hadiza:
Toh wannan na yarda, sai dai kuɗin tura saƙon tes wa zai biya, ƙaramar makaranta ce fa. Ni a irin wannan zan faɗi gaskiya a allo in taƙaita yawan gwajin da mutum ɗaya zai iya yi. Kowa dai ya auna abin da yake karewa, asibiti daban makarantar firamare daban

Zainab:
Tunda Nura ya kawo PostgreSQL bari in faɗi wani rami da ke jiran duk wanda zai koma can. In kuskure ya faru a tsakiyar taransakshan, wato jerin umarnin da ake so su shiga tare ko su faɗi tare, PostgreSQL ba zai ƙara karɓar komai ba sai ka yi rollback ka warware aikin, duk abin da ka tura zai dawo maka da 25P02. Wato ba za ka kama 23505 ka ci gaba da SELECT kaman ba abin da ya faru ba, sai in ka kafa savepoint kafin nan, wato zangon da za ka iya komawa. A Django shi ya sa ake sa try a wajen atomic ba a cikinsa ba, in kana cikin wani atomic ɗin sai ka buɗe ƙarami a ciki, shi zai zama savepoint. Ko kuma ka yi amfani da ON CONFLICT, tun 9.5 yake nan, kuma ya fi INSERT IGNORE tsafta don kai ne za ka faɗi takamaiman rikicin da kake nufi.

Malam Sani:
Saura kashi ɗaya da ba mu taɓa ba, kurakuran da ba laifin mai cike fom ba ne kuma ba laifin kod ba ne. 1213 a MySQL, wato taransakshan biyu sun riƙe wa juna wuya kowanne na jiran ɗaya, InnoDB sai ya zaɓi ɗaya ya warware shi gaba ɗaya. Wannan ba a nuna wa mutum, sake gudanar da taransakshan ɗin ake yi daga farko, sau biyu ko uku, in ya ƙi sannan a ba da haƙuri. A Laravel DB::transaction yana karɓar adadin gwaji a matsayin abu na biyu. Amma ku kula da 1205, jiran wani taransakshan ya saki abin da ya kulle ya yi tsawo, ita a yadda aka saba umarnin ƙarshe kawai take warwarewa, taransakshan ɗin yana nan a buɗe, in ba ka yi rollback da kanka ba za ka iya ajiye rabin aiki.

Inda ya shafi kuɗi kuma a yi hattara sosai. In layi ya yanke, irin 2006 ko 2013, bayan ka tura commit, wato umarnin tabbatar da ajiya, ba ka da tabbas ya shiga ko bai shiga ba. Kar ka sake turawa da ka. Ka ba kowane biya lambarsa ta musamman mai UNIQUE tun kafin a fara, in ka sake turawa 1062 ta fito to ka san na farkon ya shiga. Ɗanlami maganin rasit biyunka kenan.

Ɗanlami:
Na rubuta Malam. Zan je in cire IGNORE ɗin nan a ayyukana biyu in ga abin da zai fito

Mukhtar:
Ƙarin abu kan log. Duk kuskuren da ba ka gane ba ka ba shi gajeriyar lamba, haruffa shida sun isa, ka nuna wa mutum "ba mu samu damar ajiye bayananka ba, in ka kira ofis ka faɗi wannan lambar", ita ma ka rubuta ta a log tare da cikakken bayanin. In shugaban makaranta ya turo maka hoto da dare lambar kawai za ka nema. Amma ka san me kake zubawa a log ɗin, saƙon 1062 yana ɗauke da ainihin abin da aka shigar, QueryException na Laravel ma yana haɗo SQL ɗin da bayanan ciki, wato lambobin waya ko NIN na mutane suna kwance a fayil. Kar fayil ɗin ya zauna cikin public_html inda kowa zai iya buɗewa da burauza. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kanmu mu ma, ba bankuna kaɗai ba.

Abba:
Jama'a na dawo, jiya ban yi barci da wuri ba. Na raba teburin iyaye, na yi aji guda na fassara kurakurai yadda Malam ya ce, na raɗa wa makullai suna, log yana waje da public_html. Uban nan ya saka ɗansa da safe, na kira shi da kaina na ba shi haƙuri.

Amma ga wani abu da log ya tono. Cikin awa kaɗan na ga 1366 Incorrect string value sau uku, duka a gurbin adireshi da suna. Da na duba, mutane ne masu allon rubutun Hausa a waya suke rubuta Ƙofar Mata da Ɗanjuma da Ɓaidu da ainihin haruffanmu masu lanƙwasa, teburin nawa kuma ashe latin1 ne tun ranar da na ƙirƙire shi, ba ya ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ. Wato duk wanda ya rubuta sunansa daidai manhajata korarsa take yi a shiru tun wata uku. Abin ya dame ni ƙwarai.

Hadiza:
Mayar da teburan utf8mb4, kuma ka sa charset=utf8mb4 a cikin DSN na PDO, wato layin haɗi da databes, in ka gyara ɗaya ka bar ɗaya za ka ci gaba da ganin 1366, ko alamar tambaya ko gurɓataccen rubutu a madadin harafin. Ka ɗauki kwafin databes ɗin kafin ka yi ALTER, ka fara gwadawa a kan kwafin.

Abba:
Na ɗauki kwafi, a kansa nake gwaji yanzu. Gobe in sha Allah zan je ofishin makarantar mu ɗauko rajistar takarda mu gwada da abin da ke cikin databes, mu ga yara nawa ne suka faɗi a hanya a kira iyayensu. Yaya Zainab in na zo haɗa tsofaffin ɗalibai da sabon teburin iyaye zan turo miki tsarin ki duba min, akwai waɗanda aka sa musu lambar maƙwabta da na gani

Zainab:
Turo, ina nan bayan la'asar. Ka haɗo da SHOW CREATE TABLE na duka biyun, amma ka cire bayanan mutane kafin ka turo.